Yadda Kunnena Ya Kai Ni Kurkuku

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, kuma mahaifiyata tana raye, tana da jikoki masu karanta mata duk abin da suka tsinta. Saboda haka ku bar ni a sunan da 'yan gareji suka sa mini: Likita. Ban taɓa duba mutum ba. Mashin nake dubawa.

A Dogarawa aka haife ni. Mahaifina malamin firamare ne, irin wanda bai taɓa yarda cewa an tashi daga makaranta ba. Ƙararrawa takan kaɗa, shi kuma ya naɗo ajin ya taho da shi gida. A gidanmu in ka kuskura ka ce "motan", kamar yadda kowane Bazazzage yake faɗa ba tare da an kai shi gaban hukuma ba, sai ka maimaita "motar" sau goma kafin hannunka ya ga tuwo. Akwatin littattafansa na karance shi kaf tun ban gama sakandare ba, har da waɗanda gara ta riga ni farawa. Burinsa in zama malami. Ni kuwa da zarar mashin ya wuce ta ƙofar gida sai in kife littafi in bi shi da kunne har ya sha kwana.

Da ya ga ciwon ba na warkewa ba ne, sai ya kama hannuna ya kai ni Chikaji wurin abokinsa Baba Ishaya, bakanike, mutumin Wusasa. Ranar Lahadi yana cikin mawaƙan coci, sauran kwana shidan kuma yana sauraren waƙar injuna. Shi ya koya mini sa dogon sukundireba a jikin inji, in ɗora kunnena a kan ƙotar, in rufe ido.

"Me ka ji?"

"Ƙara, Baba."

"Jaki ma ya ji ƙara. Sake."

Shekara bakwai ina sakewa. Yakan ce mini mai mashin zai iya yi maka ƙarya, fenti zai iya, mita ma ana juya ta baya, amma inji bai je makarantar ƙarya ba. Kafin in bar hannunsa, ina iya zama a benci ina cin gyaɗa in gaya maka abin da ke damun mashin ɗin da ya wuce a titi.

To, ku da kuka tashi a Zariya kun san al'adar. Mai hankali ba ya sayen mashin na hannu shi kaɗai. Yakan tafi da mai kunne. Mai kunnen zai zagaya mashin, ya taɓa nan, ya leƙa can, ya hau ya tafi gwaji, ya dawo ya kashe inji. Sai kowa ya yi tsit, mai saye da mai sayarwa da 'yan kallo, ana jiran kalma ɗaya daga cikin biyu: "saya" ko "bari". Wannan kalmar ita ce duk dukiyar mai kunne. Ba shi da shago, ba shi da kaya. Maganarsa ce jarinsa. Ita na samu tun ina saurayi, ita na sayar, kuma labarin da zan ba ku labarin nemanta ne.

A lokacin ne manyan mashinan tsere suka fara cika Samaru, waɗanda ɗalibai ke kira fawa. Ba fawar mahauta ba, ko da yake wani lokaci sana'o'in biyu sukan haɗu a bakin titi. Tanki kamar tozon raƙumi, taya ta baya kamar ta ƙaramar mota, mahayin kuma a kwance a kai kamar wanda ya yar da allura yake nema. 'Ya'yan masu hali suka haukace a kansu. Makanikai da yawa suna tsoron taɓa su. Ni kuwa na fahimce su tun ranar farko, har ya zama in ɗalibi zai sayi fawa, sai an ce masa, "Ka kai wa Likita ya ji?"

Ranar da na fara lalacewa rana ce mai kyau, babu hadari, babu wata alama. Wani dillali ya ba ni hannu kafin in hau wani fawa da wani ɗalibi zai saya, da ya janye hannunsa sai na ji ya bar wani abu a tafina.

"Na shan ruwa ne, Likita. Rana ta yi zafi."

Mashin ɗin yana ɗan fitar da hayaki mai shuɗi-shuɗi in an saki totur, alamar yana shan baƙin mai. Na gani. Na dawo, na kashe inji, aka yi tsit. Na ce, "Saya." Ɗalibin ya rungume ni. Mashin ɗin ya fi daɗewa a gareji fiye da kan titi, amma ba wanda ya zo ya tuhume ni. Aka ce ƙaddara ce. Mafi munin abin da ya taɓa samuna a rayuwa shi ne wannan: na yi cuta, babu abin da ya same ni.

Daga nan abin ya zama ciniki. Mai sayarwa ya ba ni don in ɓoye aibi, mai saye ya ba ni don in ƙirƙiro aibi a rage masa farashi. Akwai ranar da na karɓa daga hannu biyun a kan mashin ɗaya, na tsaya a tsakiya ina yaba shi ina kushe shi cikin jimla guda, kowannensu yana gyaɗa kai yana ganin nasa nake yi. Nahawun da mahaifina ya ɗura mini bai tafi a banza ba. Allah ya ɗauke shi kafin ya ga inda na kai ilminsa, kuma ina ganin wannan ma rahama ce aka yi masa.

Baba Ishaya ne ya kama ni. An turo masa wani fawa da na ce a saya. Ya sa sukundireba, bai ma rufe ido ba.

"Kai ka ce a sayi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Kunnenka ne ya lalace, ko bakinka?"

Na sunkuyar da kai.

"Da kunnen ne, ɗana, da yanzu muna hanyar asibiti. Bakin kuwa ba ni da sifanarsa. Ɗauki kayanka."

Magana ba ta kwana a Sabon Gari. Cikin 'yan watanni aka daina nemana. In na ce "saya" sai mai saye ya tsorata, in na ce "bari" sai ya ƙara sha'awa. Da ina da hankali da na koma na durƙusa gaban Baba. Maimakon haka sai na zauna na yi nazari, irin nazarin da Shaiɗan yake taya mutum kyauta. Na lura cewa a duk duniya wuri ɗaya ne mutum zai miƙa wa baƙo makullin dukiyarsa da hannunsa, har ya bi shi da "Allah ya kiyaye hanya". Wurin gwajin mashin.

Na ɗinka shadda, na sayi hula mai kyau da tabarau da turare, na tara gemu. A wurin 'yan gwangwan na sayi tsohon makullin mota, mai ɗan maɓalli, wanda motarsa ta daɗe da zama tukwane. Na bar Zariya na shiga garuruwan da ba a san fuskata ba. In na isa wurin mai sayarwa sai in zaɓi mota mai kyau da aka ajiye a tsallaken titi, in riƙa waiwayenta kamar mai tsoron a goge masa fenti. In yi ciniki da tsararriyar Hausa, in kushe abin da ya cancanci kushewa, domin a ga na san kaya. Da za ni hau sai in ce, "Riƙe mini makullin motata, kada ya faɗi a hanya." Ban taɓa cewa jingina ce ba. Nakan bar mutum ya yi wa kansa wannan ƙaryar.

Akwai mai karɓa, yana rarraba mashin kamar yadda ake rarraba rago. Ba zan tsaya a kansa ba, hukuma ta riga ta tsaya.

Kada ku ga ina ba da labarin da fara'a ku ɗauka babu ɗaci a ciki. Akwai wani bawan Allah a Funtuwa, dattijo, mashin ɗin ɗansa ne da ya yi tafiya ya bar masa. Da na wuce kwanar da ya ce in juyo, na hango shi a madubi ya fito tsakiyar titi yana ɗaga mini hannu. Ba ihu yake yi ba. Yana tsammani na ɓata hanya ne, yana nuna mini. Wannan hannun ya daɗe yana ɗaguwa a cikin kaina.

Abin da ya dawo da ni Zariya girman kai ne. Na ji labarin wani jan fawa a Sabon Gari, ɗan kwatano, wanda duk Samaru ake zancensa. Mai shi Oga Sunday. Iyayensa 'yan kudu ne, amma a Sabon Gari aka yanke cibiyarsa, kuma Zazzagancin bakinsa ya fi nawa tsarki. Shekarun da nake tashe yana can bakin iyaka yana harkar shigo da kaya, bai san ni ba. Na ce wannan nawa ne.

Ranar Asabar da hantsi na isa. Na zaɓi wata farar mota a tsallake na fara waiwayenta. Sunday ya taso da murna.

"Alhaji, barka da zuwa! Ka zo a sa'a. Ka ga yaron nan? Tun da Bature ya ɗaure injinsa, hannun ɗan Adam bai taɓa kwance shi ba. In ƙarya nake, kada in ga Kirsimetin bana."

"Rantsuwa tun ban tambaya ba, Oga?"

"Ai kaya ne ke sa ni rantsuwa, Alhaji. Hau ka ji. In ka sauko ba ka saya ba, ni zan biya ka kuɗin man."

Na ɗora hannu a jikin injin na ji shi da ɗumi, alamar an tayar da shi kafin in zo. Da saye na zo yi da nan take na juya. Amma wanda ya zo ɗauka ba ya tsawwalawa. Na miƙa masa makullin motar da ba ni da ita, ya miƙo mini na mashin ɗin da yake da shi, ya ce Allah ya kiyaye.

Ya ku ƙannena, zan gaya muku gaskiya: akwai daɗi. Na bi ta Kwangila, na ratsa Hanwa da Palladan, mashin yana gurnani a ƙarƙashina kamar zakin da aka ƙoshar. Giya tana shiga ba gardama. A Samaru masu keke napep suka dare, ɗalibai suka bar shayinsu suna juyowa. Da na bar gari na kama hanyar Shika sai na kwanta a kan tanki na murɗa totur. Babbar rigata ta cika da iska, itatuwa suka zama layi ɗaya kore. Babu kowa a bayana. Hanya a buɗe har Funtuwa.

Sai na ji shi.

Can ƙasa, ƙarƙashin gurnanin, wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin maƙwabci. Na rage gudu, ya ragu. Na ƙara, ya ƙaru. Na tsaya a inuwar wani mangwaro na durƙusa da shaddata a cikin ƙasa. Kawunan notocin inji duk sun sha sifana. A gaɓar da murfin inji ya haɗu ga sabon gam nan ya tsattsafo, an bi shi da baƙin fenti. Na buɗe wurin baƙin mai na taɓa, mai kauri kamar maɗi, irin wanda ake ɗurawa don ya toshe bakin ciwo har sai ya yi zafi ya tsinke. An kwance injin nan, ba sau ɗaya ba, kuma wanda ya ɗaure shi ko injin markaɗe bai kamata a ba shi ba.

Wani irin fushi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Ni? Ni za a kalli tsabar idona a rantse mini da Kirsimeti? Ni da na yi shekara bakwai da sukundireba a kunne?

Ku lura da kyau. Ɓarawo mai hankali zai ce to, an rage riba, ya ci gaba da tafiya, tun da dai rarraba shi za a yi. Amma wanda ya durƙusa a gindin mangwaron nan ba ɓarawon ba ne. Yaron Baba Ishaya ne ya farka bayan dogon barci, ya tarar ana raina masa sana'a. Wallahi na manta sarai da abin da ya fito da ni daga gida. Na juya kan mashin na nufi Sabon Gari, ina tafe ina tsara jawabi kamar na muhawarar makaranta: gabatarwa, hujjoji uku, kammalawa.

Abin da ya faru a bayana, daga baya aka ba ni labari. Da Sunday ya ga shiru ya yi yawa sai ya tsallaka titi don ya kwantar wa kansa da hankali. Ya danna maɓalli, farar mota ko gezau. Ya sa makulli a ƙofa, ya ƙi shiga. Yana cikin kokawa da ƙofar sai ga mai motar ta fito daga kasuwa da doya a hannu, wata Madam mai muryar da ba ta bukatar lasifika. Kafin ya gama bayani an taru. Cikin taron akwai dillalan da suka riga suka ji labarin wani Alhaji mai makullin mota a garuruwan maƙwabta. Sunday ya zauna a ƙasa dirshan, hannu biyu a ka, ana yi masa jaje.

Ana cikin haka na shawo kwana.

Da na ga cincirindo sai na ji daɗi. Na ce Allah ya kawo shaidu. Na kafe mashin, ban ma kashe shi ba, don kowa ya ji da kunnensa. Na gyara riga na fara.

"Jama'a, ku zama shaida. Wannan mutumin ya rantse ba a taɓa kwance injin nan ba. Hujja ta farko, ku dubi kawunan notocin nan. Hujja ta biyu, ku kasa kunne. Kun ji? Wannan ba tafi yake yi muku ba."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka fasahata ce ta kama su. Sunday ya tashi a hankali, ya kakkaɓe wando, ya zo ya kashe mashin, ya zare makulli ya sa a aljihu. Sannan ya sa hannu ya damƙi ƙugun wandona ta cikin babbar riga.

"Alhaji, ka gama?"

"Saura hujja ta uku."

"Ajiye ta. A caji ofis suna son hujja."

Sai Madam ta ɗago makullina tana kaɗa shi. A nan ne hankalina ya dawo daga Shika, a makare.

Wani tsohon mai faci da ke gefe ya ce, "Amma fa tsakani da Allah injin yana ƙwanƙwasa." Sai wurin ya fashe da dariya. Wasu har da zama a ƙasa. Dariyar nan ita ta ceci raina, domin na san abin da ake yi wa irina a kasuwa, kuma mutum ba ya iya duka da kyau in yana riƙe da cikinsa. Na sha mari dai gwargwado, mafi zafi daga hannun Madam.

Mashin ɗaya tak na taɓa mayarwa a duk shekarun sata, shi ne kuma ya kai ni kurkuku.

Da labari ya bazu, masu kaya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna nuna ni. Har da dattijon Funtuwa. Bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, na jira ka har la'asar." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. A gaban alƙali ban yi jawabi ba. Na amsa laifina, aka yanke mini shekara uku.

Ba zan yi muku ado da gidan yari ba. Wuri ne da ake ƙidaya mutum kamar buhu, safe da yamma, kuma waken da ke cikin abinci sai ka yi sa'a kuke gaisawa. Mahaifiyata ta zo ganina da dambu a kwano. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kana salla?" Na ce na fara. Ta ce, "To, ci gaba." Abin da ya fi damuna shi ne titin da ke bayan katanga. Duk mashin da ya wuce ina jin ciwonsa, babu wanda zan gaya wa. Wata rana na kasa daurewa na ce wa wani gandiroba fulogin mashin ɗinsa ya kusa mutuwa. Ya harare ni. Bayan kwana biyu ya zo aiki a ƙasa. Daga nan aka san ina da amfani, kuma da aka gane ina da karatu sai aka ba ni allo da alli in koya wa fursunoni baƙi da wasali. Burin mahaifina ya cika, sai dai ba a makarantar da ya zaɓa ba.

A can na sami lokacin tunani, domin shi kaɗai ne ake bayarwa ba awo. Na daɗe ina zagin kaina a kan juyowar da na yi a hanyar Shika. Daga baya na gane ita kaɗai ce aikin gaskiya da na yi cikin shekaru, ko da yake da mugun nufi na fita, da girman kai kuma na dawo. Ashe akwai sauran abu a cikina da ba ya jure ƙarya. Na roƙi Allah gafara, na roƙe shi ya raya mini wannan abin.

Ranar da aka sake ni, bayan na gaida mahaifiyata, Chikaji na nufa. Baba Ishaya ya tsufa, gira ta yi fari. Na durƙusa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Na ji labarin laccarka. An ce saura hujja ɗaya."

"Gam ne, Baba. Sun shafe shi da fenti."

"Mhm. Ga kwano can, ga kananzir. Wanke notoci."

Shekara biyu ina wanke notoci, ina gyara, ban riƙe makullin kowa ba. In na faɗi ciwon mashin, mai shi sai ya juya ya kalli Baba, sai Baba ya gyaɗa kai sannan maganata ta zama magana. Ban ji haushi ba. Ni na jawo. Amma ina kwana ina tashi da tambaya ɗaya: ko zan mutu ban sake faɗin kalmar nan an karɓa ba?

Sai wata safiya ga wani matashin malamin jami'a, Dakta Yakubu, likita na takarda ba irina na benci ba. Ya ga wani shuɗin fawa, ya hau jiya, kuma daga yadda idonsa ke ƙyalli ka san zuciyarsa ta riga ta saya, aljihu kawai take jira. Amma yana da wayon sanin cewa wanda ya sauko daga gwaji kamar mai maye ne, don haka ya zo neman kunnen Baba.

Baba ya ce, "Dakta, in na kwanta a kan abin nan, sai an kira mutum huɗu su miƙar da ni. Likita, sa takalminka."

Ban san shagon wa za mu ba sai da keke napep ya tsaya. Oga Sunday ya fito yana murmushi, ya gan ni, murmushin ya koma ciki.

"A'a! A'a, Baba! Wannan? Ko keken ɗinki ba zan ba shi ya gwada ba."

"Ai ya dawo maka da naka, Sunday."

"Ya dawo ya tona mini asiri a gaban duk kasuwa! Wata shida ana kirana Kirsimeti!"

Baba ya ja benci ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ɗora sandarsa a cinya. "To, ga jingina. In bai dawo ba ka sayar da ni. Ba a taɓa kwance injina ba."

Sunday ya so ya ƙi dariya, ta ƙwace masa. Ya ciro makulli ya riƙe shi a sama. "Likita, ina da hawan jini yanzu. Kai ka sa mini."

Na fara da tafin hannu a kan inji. Sanyi ƙalau.

"Ban tayar ba," in ji Sunday. "Tun ranar nan ban ƙara ɗumama inji kafin mai saye ya zo ba. Kai ka ga gidan yari, ni na ga kunya."

Na duba lambar inji da ta jiki na gwada da takardu, sun yi daidai. Notoci lafiya, babu tabon sifana. Na leƙa ƙarƙashin tanki ko akwai walda, alamar an taɓa faɗuwa, babu. Na tayar da shi a sanyi, ya kama bugu ɗaya, hayaki fes. Na sa hular kwano na hau.

Shekara biyar rabona da fawa. Na wuce Kwangila na kama hanyar Shika. Na saki kan mashin kaɗan in ga ko zai ja gefe, ya tafi sak. Na taka birki da ƙarfi, ya tsaya ba karkarwa. Na bi giya ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, na bar injin ya yi zafi sosai, na kasa kunne. Babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Zan yi ƙarya in na ce ban ga hanyar a buɗe ba. Na gan ta sarai. Na dube ta kamar yadda mutum ke duban tsohon abokin da ya taɓa sa shi a uku, na juya.

Ina dawowa ta Samaru sai na ji ina dariya ni kaɗai a cikin hular kwano, har da hawaye. Wani mai rake ya ɗaga mini hannu, na danna masa oda kamar mun yi shekara ashirin da sani.

Na iso na tarar Sunday a tsakiyar titi, hannu a ƙugu. Na kashe inji na ba shi makullinsa. Ya ce tun da yake bai taɓa jin waƙa mai daɗin ƙarar nan tana matsowa ba. Maƙwabtan shago sun taru. Aka yi tsit.

"Dakta, shokozoba ta gaba tana ɗan tsattsafar da mai, a gyara kafin ka karɓa. Tayar baya zanenta da saura amma ta tsufa, ta fara tsagewa, Oga Sunday ya canza maka. Inji kuwa lafiyayye ne, ba a taɓa shi ba." Na dubi idon Dakta. "Saya."

Sai duk kawuna suka juya wajen benci, har da na Dakta. Baba Ishaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke kallona? Ni na hau? Ya ce a saya."

Dakta ya juyo ya ba ni hannu. Babu komai a tafinsa sai hannun. Ya ce, "Na saya, Likita."

Yau ana kirana daga Samaru har Basawa, kuma Sunday da kansa ba ya sauke sabon kaya sai na ji. Waɗanda na cuta ina bin su ɗaya-ɗaya ina neman yafiya, ina mayar da abin da Allah ya hore. Wasu sun yafe. Wasu sun rufe mini ƙofa, kuma suna da gaskiya. Dattijon Funtuwa ya ba ni ruwa na sha.

Samari, ga abin da zan bar muku. In za ku sayi fawa, ku je da safe, ku taɓa inji. In da ɗumi, ku koma gida. Ku yi gwaji mai tsawo har mai ya yi zafi, domin mugun inji ma yana da ladabi a kilomitocin farko. In kun sauko, kada ku yanke magana gwiwoyinku suna rawa, ku nemi wanda jininsa yake a sanyaye, wanda kuma ba a sayi bakinsa ba. Cuta ma haka take ba da gwaji, farkonta sumul, sai ka yi nisa da gida take fara ƙwanƙwasawa. In wani ya ba ku amanar makullinsa, ko ta maganarsa, ko ta sana'ar da ya koya muku, kada ku bi hanyata. Na gwada gudu, na san daɗinsa, ba zan ƙaryata shi ba. Amma ban taɓa jin daɗi irin na kashe inji a daidai inda na tayar da shi ba, in cire hular kwano, in tsaya a bar kowa ya kalli fuskata.